Kadunar da Ban Je Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ko da yake rabin abin da ya faru a cikinta labari aka ba ni, ni da na aikata shi da bakina. Sauran rabin ina tuna shi ne kamar yadda mutum ke tuna mafarkin barcin bayan azahar: wani wuri tar, wani wuri dishi-dishi.

Ni mai kula da sito ne a wani kamfanin robobi da ke Idu, a Abuja. Bokitai, kujeru, butoci, duk sai sun bi ta hannuna kafin su hau mota. A lokacin shekaruna hamsin da shida, gidana yana Dutse Alhaji, matata ɗaya, Maman Ummi, kuma ina da wani hali da na taso da shi tun daga ƙauyenmu na bayan Zariya: ina zaune da mutane sai hankalina ya ɗauki takalmansa ya fita. Malaminmu na firamare ya sha cewa jikina ne kawai ke zuwa aji. Har yanzu in ina cikin sito na ji jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, sai in tsinci kaina a kujerar jikin taga, gonaki suna wucewa, alhali ga direba a tsaye yana jiran in sa masa hannu a takarda.

Wata rana kamfani ya kawo ma'aikatan lafiya. Aka kafa rumfa a tsakar fili, ana awon jini da na suga. Sai aka ce duk namijin da ya ba arba'in da biyar baya ya bi wani tebur na gefe, za a ɗebi jininsa don wani gwaji na daban. Zan so in ce kishin lafiyata ne ya kai ni teburin nan. Gaskiyar magana, a can ne ake raba lemo mai sanyi.

Bayan mako guda aka kira ni a waya aka ce in je in ga likita, wai lambata ta ɗan haura inda ake so.

Likitan matashi ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Ya jawo takarda ya zana mini mafitsara, sannan ya zana wani ɗan abu kamar goro a ƙarƙashinta, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Ya ce sunansa furostet, kowane namiji yana da shi. Na shekara hamsin da shida ina yawo da abu ban san da zamansa ba. Ya ce gwajin da aka yi mini, PSA, ba ya cewa akwai kansa, wato ciwon daji, ba ya kuma cewa babu. Tsufa kan kumbura wurin ya ɗaga lambar, ƙwayar cuta ma takan ɗaga ta. Ya tambaye ni ko ina yawan tashi fitsari. Na ce a'a. Ya dube ni. Na ce to, sau uku, wani lokaci huɗu, amma ai shayi nake sha.

Aka sake gwajin bayan 'yan makonni, lambar tana nan inda take. Daga nan ya sa safar hannu ya ce in kwanta ta gefe in naɗe gwiwa. (A nan ina roƙon mai karatu ya kau da kai, kamar yadda na kau da nawa na ƙura wa wata kalanda ido. Akwai hoton tafki a jikinta da agwagi biyu. Har gobe zan iya zana maka agwagin nan.)

Sai hoton MRI. Aka kwantar da ni aka tura ni cikin wani farin kogo, aka ce kada in motsa. Na'urar ta fara bugawa, gaf-gaf-gaf, sak injin niƙan garinmu. Kafin minti biyar na koma ɗan shekara tara, ina zaune a kan buhu ina jiran a niƙa mana dawa, rana tana shigowa ta hujin kwano, gari yana yawo a cikin haskenta. Da suka jawo ni waje sai da na ji haushi. Likita ya nuna mini hoton a kwamfuta, ya sa bakin biro a kan wani ɗan tabo da ni ban ga bambancinsa da sauran ba. Ya ce a da sai dai a yi ta soka allura nan da can ana fatan a dace, amma yanzu hoton ne ke nuna inda za a nufa. Za su ɗebi 'yan zare-zaren nama daga wurin da siririyar allura, a kai ɗakin gwaji. Shi ne kawai zai faɗi gaskiya.

To, a duk tsawon wannan zirga-zirga, ko kalma ɗaya ban faɗa wa Maman Ummi ba.

Dalilina shi ne wata hira da na taɓa ji a shagon abokina Alhaji Sani, mutumin Kano mai sayar da shadda a kasuwar Wuse. Wani a cikin masu zaman shagon ya ce duk wanda aka yi wa aiki a wannan wuri, shi da iyalinsa sai dai gaisuwar safe. Aka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu kuwa maganar ta dawo ta zauna mini a ƙirji. Ina son in ce mutuwa na fi tsoro, don ya fi kama da maganar dattijo. Amma da zan jera tsorona a layi, mutuwa ta biyu take zuwa.

Ga kuma surukata, Hajiya, ta zo daga Zariya za a duba mata yanar ido, an sauke ta a ɗakin da ke jikin namu. Mace ce mai kawaici, wadda a shekara ashirin da takwas ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ta yaya zan buɗe baki a gidan da take in fara zancen abin da ke ƙarƙashin mafitsarata?

Ranar da za a sa mini rana, likita ya ce yawancin mutane allurar kashe zafi kawai ake yi musu a wurin, a gama cikin ɗan lokaci, su tashi da ƙafarsu.

Na ce, "Dakta, ni ba yawancin mutane ba ne. Ku sa ni barci."

Ya ce, "Baba, ba wani abu ba ne fa."

Na ce, "To tunda ba wani abu ba ne, ba sai ina nan za a yi shi ba."

Ya yi murmushi ya yarda, da sharaɗi biyu: kada in ci komai tun safe, kuma lallai wani babba ya zo ya mayar da ni gida. Na ba da lambar Alhaji Sani, bayan na rantsar da shi. A gida kuma na ce kamfani ya tura ni Kaduna duba kaya, jirgin safe zan bi in dawo da yamma. Har da ƙorafi na haɗa, wai sun raina ni, komai sai ni. Maman Ummi ta ba ni haƙuri, ta ƙulla mini dambun nama a leda ta sa a jaka, ta ce kada in sayi abincin hanya.

Safiyar Talatar an kwana ana ruwa. Gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsun unguwarmu har ba a ganin kawunansu, kwalta tana sheƙi, komai ya yi shiru kamar garin bai gama farkawa ba. Na fito da jakata kamar matafiyin gaske. Na ba maigadin asibiti dambun, ina kallo ya buɗe ledar ya sunsuna, cikina ya yi ƙara.

Nas ɗin da ta karɓe ni Sista Rahila ce, wata doguwa 'yar Filato mai fara'a. Hausarta irin ta Abuja ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji: mota ya zo, allura ya shiga, madam ya tafi. Ta ba ni wata riga mai igiya a baya wadda ba ta rufe abin da ya kamata riga ta rufe ba. Ta karɓi agogona da wayata da tabarau ɗina. Ni kuwa in babu tabarau, mutum da labule duk ɗaya ne a wurina. Aka tura ni wani ɗaki mai sanyi, wani ya sa mini allura a bayan hannu ya ce in ƙirga zuwa goma. Na tuna na kai huɗu.

Daga nan sai ga ni a cikin jirgin Kaduna.

Ban taɓa shiga jirgi mai daɗinsa ba. Ba ya ƙara, ba ya girgiza, a kan ruwa yake tafiya, kuma ruwan rafin ƙauyenmu ne, sai dai ya yi faɗi har ba a ganin gaɓarsa. Bokitan sitonmu suna bin mu a sama a jere, ja da shuɗi da kore, kamar balbelu masu komawa gida. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kujerar gabana yana ɓare gyaɗa. Muka tsaya a wata tasha da ba ta da suna. Can a bakin dandamali ga wata yarinya riƙe da lema, ana yayyafi, ta ɗage zanenta kaɗan don kada ya taɓa laka. Maman Ummi ce, ranar da na fara ganinta a Tudun Wada, kafin ta zama maman kowa. Na ɗaga mata hannu. Zuciyata ta cika da wani irin sauƙi, na ji babu wani abu a duniya da ya cancanci a ɓoye shi. Kowa ɗan'uwana ne. Ina son kowa ya san komai.

A cikin wannan hali ne murya ta zo mini daga nesa, kamar daga bakin rijiya.

"Oga, an gama. Ka yi ƙoƙari. Mai ɗaukanka ya zo, yana zaune kusa da kai."

Idanuna sun yi nauyi, na buɗe su kaɗan na ga inuwar mutum a gefen gado, na mayar na rufe. Na lalubo hannunsa na riƙe.

"Alhaji Sani," na ce, "ka zo. Allah ya bar zumunci. Kai, hannunka ya yi laushi. Shaddar nan ta karɓe ka."

Alhaji Sani bai ce komai ba. Na ɗauka tausayi ne ya hana shi magana, sai na ji na ƙara ƙaunarsa.

"Kada ka bari Maman Ummi ta ji. Tana can tana zaton ina Kaduna, baiwar Allah. Har da dambu ta haɗo ni. Na ba maigadi."

Hannun ya ɗan motsa a cikin nawa. Na ƙara riƙe shi.

(Ni a jina raɗa nake yi. Daga baya aka tabbatar mini cewa da muryar da nake kiran direbobi a sito nake magana, kuma ɗakin farfaɗowar gado shida ne, labule kawai ya raba mu.)

"Alhaji, bari in faɗa maka gaskiya, namiji da namiji. Ba kabari nake tsoro ba. In suka ce kansa ce suka yanke abin nan, shi ke nan, ni da Maman Ummi mun zama wa da ƙanwa. Shekara ashirin da takwas, Alhaji. Kai kana ganinta da hijabi har ƙasa, kana cewa Hajiya ina wuni. Ba ka san komai ba. Matar nan in ta fito daga wanka ta yi turaren wuta, ta saka wannan humrar ta 'yan Maiduguri..."

Daga nan ne labarin ya yanke, don Maman Ummi har yau ta ƙi maimaita mini abin da ya biyo baya. Sista Rahila na tambaya wata rana, ta rufe baki da fayil ta ce, "Oga, ka yi bayani sosai. Ba ka bar komai ba."

Abin da na tuna da kaina shi ne ƙarshen jawabin, don a lokacin jirgin ya fara rage gudu.

"Ga shi kuma ɗan lokacin da ya rage mini ma an tare shi. Hajiya ta zo ta sauka a ɗakin da ke jikin namu. Yau kwana goma sha ɗaya, Alhaji, ina ƙirgawa. Wai idonta ba ya gani. To ido ne ba ya gani, amma kunnen nan nata, ko gado ne ya ce ƙis sai ka ji ta yi gyaran murya ta fara jan carbi."

Sai aka yi gyaran murya.

Na san wannan gyaran muryar. Kwana goma sha ɗaya ina jin ta ta bango. Amma ba daga bango ta fito ba, daga ƙafar gadona ta fito. Wata murya mai sanyi ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Malam."

Hannun da nake riƙe da shi ya zare kansa a hankali. Aka ɗora mini tabarau a fuska, aka gyara shi a bayan kunnuwana yadda mutum ɗaya ne kawai a duniya ya san ina so. Duniya ta washe. Ga Maman Ummi a kujerar gefen gado, fuskarta ba dariya ba kuka, idanunta sun yi ja. Ga Hajiya a tsaye a ƙafar gado da baƙin gilashin da aka ba ta a asibitin ido, ta juya fuska wajen bango kamar tana karanta wata sanarwa. Ga Sista Rahila ta ba mu baya tana gyara ledar ƙarin ruwan da ba ta buƙatar gyara, kafaɗunta suna rawa. Daga bayan labule wani tsoho ya ce, "Bawan Allah, mun ji, kuma muna taya ka addu'a."

Na yi abin da duk wani jarumi zai yi. Na rufe ido na saki wuya, wai barci ya sake ɗauke ni. Sai dai an maƙala mini wani abu a yatsa mai ƙirga bugun zuciya, kuma ya fara kuka ɗin-ɗin-ɗin kamar motar da ke ja da baya.

Sista Rahila ta ce, "Oga, na'ura yana nuna ka tashi."

Yadda abin ya faru ba wuya. An kira Alhaji Sani har sau uku, wayarsa tana cikin aljihun rigar da ya rataye a shago, shi kuma yana can bakin ƙofar kasuwa ana sauke masa kaya a cikin ruwa. Sai suka duba katin da na buɗe tun ranar farko, inda aka ce a rubuta makusanci, inda ni da hannuna na rubuta lambar matata. Kiran ya same ta ita da Hajiya a cikin tasi, suna dawowa daga ganin likitan ido. Babu inda za ta ajiye Hajiya. Suka juyo tare.

A tasi ɗin komawa gida ni na zauna a gaba, a ɗosane, da jakar tafiyata a cinya. Su biyu suna baya. Daga asibiti har Dutse Alhaji ba wanda ya ce uffan sai abin share gilashi. Maganin bai gama sakina ba, fitilun motoci suna narkewa a cikin ruwan sama, na yi ta addu'a a zuciyata Allah ya sa wannan ma cikin mafarkin ne, yanzu zan ga bokitai sun wuce. Da muka shiga gida Maman Ummi ta shimfiɗa mini, ta kawo kunu da magungunan da aka rubuta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da hanya. Ya mutanen Kaduna?" Ta ja ƙofa.

Washegari dole in je gaida Hajiya. Na yi alwala, na yi nafila, na zagaya tsakar gida sau biyu, sannan na durƙusa a bakin ƙofarta ina kallon tabarma. Muka gaisa kamar kullum. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Malam, mahaifin yarinyar nan shekara biyu yana fama da fitsari bai faɗa wa kowa ba. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi sai dai in ji fitarsa da shigarsa. In na tambaya ya ce sanyi ne. Sai da bayansa ya riƙe ya kasa miƙewa aka ɗauke shi zuwa asibiti, suka ce abin ya riga ya shiga ƙashi. Wata biyar ya ƙara." Ta murza carbi. "Da ya yi irin surutun da ka yi jiya, ko a tsakiyar kasuwa ne, da na gode wa Allah."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na san surukina ya rasu bayan jinya, amma ban taɓa tambayar ciwon ba, su ma ba su taɓa faɗa ba.

Na yunƙura zan tashi, sai ta ƙara da cewa, "Zancen kunne kuwa, ba ka yi ƙarya ba. Na ce a mayar mini da kayana ɗakin Ummi na bakin zaure. Ya fi iska."

Da ƙasa tana da ƙofa, da a ranar na shige.

Maman Ummi ta fi wuya. Kwana biyu tana yi mini komai, ba ta ce mini komai. A rana ta uku da la'asar tana tsince shinkafa a faranti, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Baban Ummi, ka san me aka ce mini a waya? Aka ce madam, mijinki yana ɗakin aiki, a zo a ɗauke shi. Ni da na san kana Kaduna. Daga Wuse zuwa asibitin nan sau uku na yi maka wanka na sa ka a likkafani."

Na ce ta yafe mini, tsoro ne.

Ta ce, "Na ji tsoron naka. Duk ɗakin ma sun ji." Ta watsar da wata tsakuwa. "Kana nufin shekara ashirin da takwas don wannan abin nake zaune da kai?"

Na ce a'a.

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "To, ba don shi kaɗai ba dai." Na ga gefen bakinta ya motsa. A nan na san an sake ni.

Ranar karɓar sakamako tare muka je, ta sa ƙaramin littafi da biro a jaka. Likita ya buɗe takarda ya ce, "Baba, an samu." Daga jin haka hankalina ya yi abin da ya saba. Ya fita ta taga ya hau wata bishiyar mangwaro da ke harabar asibitin, ya zauna yana kallon ɗigon ruwa a ganye. Ina hango bakin likita yana motsi. Abin da ya dawo da ni ƙarar biron Maman Ummi ne a kan takarda, da muryarta tana cewa, "Dakta, maimaita wannan. A hankali."

Ya maimaita. Kansa ce, amma iri-iri ce, kuma tawa mai tafiyar hawainiya ce, ƙarama, tana cikin wurin ba ta fita ko'ina ba. Ya ce akwai wadda in an gan ta ba a jira, sai a yi aiki a cire abin gaba ɗaya, ko a gasa wurin da na'ura, wani lokaci a haɗa da allurar da ke rage sinadarin maza don a hana ta abinci. Irin tawa kuwa, abin da ya fi shi ne sa ido: gwajin jini duk bayan 'yan watanni, hoto lokaci-lokaci, a sake ɗiban nama in lokacinsa ya yi. Ranar da ta nuna alamar motsi, a far mata tun tana ƙarama. Ya ce mutane da yawa suna tsufa da ita ba ta taɓa tayar musu da hankali ba, amma sharaɗin shi ne kada a daina zuwa.

Sai Maman Ummi ta gyara zama, ta dubi likitan nan da ya yi sa'an ɗan ƙanenta, ta ce, "Dakta, maigida yana da tambaya amma ba ya iya yinta sai an sa shi barci. In an yi aikin, ya zancen iyali?"

Na nemi kalandar agwagin nan, an canza ta.

Likita bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce gaskiya ne aiki ko gashi kan taɓa ƙarfin namiji, wani kuma ya yi fama da riƙe fitsari na wani lokaci. Amma ba kowa ba ne, kuma ba lallai ya zama na har abada ba. Yanzu ana ƙoƙarin kauce wa jijiyoyin wurin in hali ya yi, akwai kuma magunguna da dabarun taimako. Ya ce abin da ya fi ba shi wahala ba ciwon ba ne, mazan da ba sa zuwa ne sai ya gama bin jiki. Maman Ummi ta rubuta har da wannan, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Lambar tana hawa kaɗan ta sauka kaɗan, ba ta yi wani abin tsoro ba tukuna. Ba zan ce ba na fargaba ba. Akwai yammacin da nakan zauna a ƙofar gida ina kallon duwatsu ina tunanin abin nan mai kamar goro da baƙon da ke kwance a cikinsa. Amma yanzu mu biyu muke zaman. Alhaji Sani ma, da na ba shi labarin abin da na faɗa masa ba ya nan, ya yi dariya har ya kwanta a kan bandir ɗin shadda, sannan a satin ya je aka ɗebi nasa jinin. Sista Rahila kuwa duk ranar da ta hango mu sai ta ce, "Oga, madam ya zo," ni kuma in ce na gan shi.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Maganar da ka ƙi faɗa wa matarka a zaune, cikin hankalinka, da kalmomin da ka zaɓa, wata rana za ka faɗe ta a kwance, da rigar da ba ta da baya, ka haɗa da ƙarin da ba wanda ya tambaye ka, a gaban surukarka da baƙi biyar.

Wata mai zuwa za a sake ɗiban naman. Likita ya tambaye ni ko a shirya maganin barci kamar wancan karon. Na ce a'a, a kashe wurin kawai, ido biyu zan tsaya. Zafin allura na 'yan mintuna ne, na san iyakarsa. Bakina kuwa ban san me ya rage a cikinsa ba.